Hoton 'Yarki A Bangon Wani

Yau zancenmu zai ƙetare teku zuwa ƙasar Faransa, a kan wata sana'a da ba mu cika ganin mata a cikinta ba, watau zana hoton mutum da hannu, da fenti da buroshi. Mai wannan sana'a da abin da ta zana take ci, kamar yadda mai saƙa take ci da saƙarta. To, yaya ke nan idan hoton da ya fi kyau a duk aikinta na 'yar cikinta ne, ga kuma mai kuɗi ya tsaya ya ce shi yake so?

Abin yana raba zuciya biyu. Akwai murna, domin ba a taya abin banza, kuma kuɗin ai a cin yarinyar da suturarta za su ƙare. Amma hoton nan ba kamar sauran ba ne. Uwar ta san ranar da ta zana shi, ta san irin rarrashin da aka sha kafin yarinya ta yarda ta zauna wuri ɗaya, kuma ba shi da na biyu, tun da yake ba hoton kyamara ba ne balle a koma a sake wankowa. In ya fita ya fita ke nan, fuskar 'yarta za ta riƙa kwana a bangon baƙo.

Akwai mata biyu a birnin Faris da wannan al'amari ya shafa. Kusan shekara ɗari ne tsakaninsu, kowacce 'ya ɗaya ta raina, kuma abin mamaki duka 'ya'yan biyu sunansu Julie.

Ta farko ita ce Elisabeth Vigee Le Brun, wadda aka haifa cikin 1755. Ta yi suna ƙwarai tun tana da ƙuruciya, har ta zama mai zana hoton Sarauniya Marie Antoinette. Kuɗi suna shigowa, amma mijinta, wanda dillalin hotuna ne kuma ma'abucin caca, shi yake karɓewa. Ita da kanta ta koka da wannan a littafin tarihin rayuwarta. Cikin 1786 ta zana kanta ta rungume Julie a cinya, yarinyar tana da shekara shida. Da aka kafa hoton a babban nunin Faris na 1787 sai surutu ya tashi, wai don ta yi murmushi har haƙoranta sun fito, abin da manyan mata ba su yi a hoto a zamanin. Mu nan da an kawo mana shi, ba haƙoran za mu fara dubawa ba, cewa za mu yi ina kunyar 'yar fari ta tafi. Kowa da tasa al'ada.

Cikin 1789 ta sake zana wani, ita da Julie sun ƙanƙame juna, kuncin yarinyar a manne da wuyan uwar. Wannan kam ba na ɗakinta ba ne. Don wani babban bafade aka yi shi, Comte d'Angiviller, mai kula da gine-ginen Sarki. Ku dubi irin halin da take ciki: mutumin da aikin fada yake bi ta hannunsa ba a ce masa a'a, kuma mace mai sana'a a tsakiyar maza, in babba irin wannan ya rataya aikinta, an gama yi mata talla. Sai dai abin da ya rataya ɗin ita ce da 'yarta, a lokacin da suka fi kusa da juna. Abin lura kuma, na farkon ba ta rabu da shi ba. Sai bayan rasuwarta cikin 1842 ne magajiyarta ta miƙa shi ga gidan ajiye kayan tarihi na Louvre, cikin 1843.

A shekarar nan ta 1789 juyin juya hali ya ɓarke a Faransa. Cikin watan Oktoba ta ɗauki Julie da dare suka gudu a keken doki na haya, ta yi shekara goma sha biyu tana yawo tsakanin Italiya da Ostiriya da Rasha, tana ciyar da kansu da buroshinta. Shi ma bafaden gudu ya yi, sabuwar gwamnati ta ƙwace kayansa har da hoton. A Rasha ne Julie ta nace sai ta auri wani mutum da uwar ba ta so, aka ɗaura cikin 1799, tsakaninsu ya yi tsami, auren kuma bai yi ƙarko ba. Julie ta rasu cikin 1819 tana fama da rashi, ta bar uwar da rai. Duk wanda ya san wannan labari, in ya dubi rungumar nan sai jikinsa ya yi sanyi.

Ta biyu ita ce Berthe Morisot, haifaffiyar 1841, 'yar gidan masu hali. Ita ma tana son a sayi aikinta, domin ciniki shi ne shaidar cewa ba wasa take yi ba. Cikin 1874 ta kai nuni wani hoto na 'yar'uwarta Edma tana kallon jaririyarta a gadon yara, ta sa masa faran 800, ba wanda ya saya. Hoton ya koma gida ya zauna a hannun dangi har 1930, sa'ad da gwamnati ta saye shi. Da ta haifi tata Julie cikin 1878, sai ta yi ta zana ta, tana wasa, tana karatu, tana kaɗa goge irin na Turawa, har ta zama budurwa. Galibin waɗannan hotuna ba su bar gida ba. Kada mu yi saurin cewa ta fi waccan son 'yarta. A ganina bambancin na aljihu ne: wadda tukunyarta ba ta jiran ciniki tana iya cewa wannan ba na sayarwa ba ne, ta kwana lafiya.

Riƙewar ma tana da nata hasara. Da yake aikinta a gida ya taru, duniya ta daɗe ba ta san girmanta ba. Ta rasu cikin Maris 1895 bayan ta yi jiyyar Julie daga mura mai tsanani ita ma ta kamu, kuma a takardar shaidar mutuwarta aka rubuta cewa ba ta da sana'a. Julie, tana da shekara goma sha shida, ita ta gaji hotunan. A shekarar da ta biyo, ita da abokan aikin uwarta, su Degas da Monet da Renoir, suka shirya nuni na kusan hoto 400. Daga baya zuriyar Julie suka ba da da yawa daga cikinsu ga gidan ajiye hotuna na Marmottan a Faris.

A wannan gida akwai wani na 1893, Julie tana zaune cikin baƙaƙen tufafin makokin mahaifinta, ga karenta a gabanta, ga kujera babu kowa a gefe. Shi ma ya bar gida, amma ba da ciniki ba: Monet aka ba don tunawa da marigayiyar, ya rataya shi a gidansa, ɗansa kuma ya bar wa Marmottan cikin 1966, shekarar da ita Julie ɗin ta rasu.