GUDUN BABUR MAI ƘAFA HUƊU: INA IYAKARSA?

Duk lokacin da muka zo darasin gudu da nisa a aji, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambaya game da babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da suke gani a fina-finan Amurka yana tsalle a kan tudun rairayi. Tambayar kullum ɗaya ce: "Malam, wai gudu nawa yake yi?" Amsar a taƙaice ita ce, manya daga cikin na wasa, yadda suka fito daga kamfani, suna kaiwa wajen kilomita 120 a awa. Amma abin da ya fi amsar daɗi shi ne dalilin da ya sa gudun ya tsaya nan.

Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da irin wannan abin hawa a 1970, amma ƙafa uku gare shi. Ya yi ta kifewa da mutane, har a 1988 kamfanonin suka yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka suka daina sayar da sabo a can. Kafin haka, a 1982, Suzuki ya riga ya fito da mai ƙafa huɗu. Daga nan aka samu iri biyu: na aiki, wanda manoma ke jan kaya da shi, da na wasa, mara nauyi, wanda ake tsere da shi. A kan na biyun muke magana.

A 1987 Yamaha ya fito da Banshee, mai inji cc 347, wanda ke gudun kusan kilomita 120. A shekarar kuma Suzuki ya kawo LT500R, da ake yi wa laƙabi da Quadzilla, mai ɗara wannan kaɗan. Bayan kusan shekara 20 sai ga Yamaha Raptor 700, injinsa cc 686, wato kusan biyun na Banshee. Gudunsa fa? Wajen 120 ɗin dai. Gaskiya ne injunan ba iri ɗaya ba ne: na Banshee irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, kuma irinsa ya fi zafi idan aka dubi girmansa. Duk da haka akwai abubuwan da suka tare hanya waɗanda girman inji ba ya maganinsu.

Na farko iska ce. Wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota ya san iska na turo shi baya. Idan gudu ya ninka biyu, turin iska yakan ninka huɗu, ƙarfin da inji zai kashe don ya keta ta kuwa ya ninka takwas. 'Yan aji biyar su gwada lissafin: daga 120 zuwa 150 ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, amma yana bukatar kusan ninki biyu na ƙarfin. Ga shi kuma babur ɗin faffaɗa ne, tayoyinsa a waje, mahayi na zaune a sama ƙirji buɗe kamar allo.

Sai giya. Masu ƙera shi sun zaɓi ya zabura da sauri daga tsaye, ya hau tudu, ya fita daga kwana da ƙarfi, domin abin da ke cin tsere a daji ke nan. Mai keke ya san wannan ciniki: giyar da ke sauƙaƙa hawan tudu ba ita ce ta gudu a miƙaƙƙiyar hanya ba. Ana iya canza faifan haƙoran da sarƙa ke bi a ƙara gudu kaɗan, amma sai zaburar ta ragu.

Abin da ni na fi ba muhimmanci shi ne ƙafafun. Mai faci yakan sa wa tayar ƙaramar mota iska 30 ko fiye a ma'auninsa. Tayar wannan babur kuwa 4 ko 5 take sha, don ta baje a kan rairayi da taɓo kada ta nutse. Taya mai laushi haka, mai manyan ƙuraje, lanƙwashewa take yi idan gudu ya yi yawa. Sa'an nan a mafi yawan na wasa, tayoyin baya biyu a kan sandar ƙarfe guda suke, tare suke juyawa. A mota, tayar da ke waje a kwana tana juyawa fiye da ta ciki. A nan babu wannan, dole ɗaya ta ɗan zame. A kan ƙasa zamewar ba wuya. A kan kwalta kuwa taya takan kama ƙam, nauyi kuma yana sama, sai babur ya ɗaga ƙafa ya wuntsila. Shi ya sa kamfanonin da kansu suke manna gargaɗi a jikinsa: kada a hau kwalta, kada a yi goyo, a sa hular kwano. Abin mamaki ne a ce hanyar da ta fi dacewa da gudu ita ce wadda aka hana shi bi.

Ku tuna kuma 120 a awa mita 33 ne a kowace daƙiƙa. Filin ƙwallonmu, daga raga zuwa raga, daƙiƙa 3 ke nan. A daji ba kasafai ake samun fili mai laushi da zai ba da damar haka ba, ga nauyin mahayi da zurfin rairayi suna rage gudun.

To, wanda ya fi kowa fa? A watan Yuni 2008 wani Ba'amurke, Terry Wilmeth, ya yi gudun kilomita 315 a awa a filin jirgin sama na Madras, jihar Oregon, kuma littafin Guinness ya rubuta shi. Raptor ne ya hau, amma sai da aka ɗaura masa roka a baya.