Satar Gida: Laifin Lokaci Ne Kafin Ya Zama Na Wuri

A gidajen kallon ƙwallo na Challawa da Panshekara, inda ma'aikatan kamfanonin fata ke yada zango bayan an tashi aiki, babu hukuncin da ke tayar da jijiyar wuya kamar satar gida. Da zarar ɗan gaba ya tsere wa 'yan baya, sai ka ji benci ya ɗauka: "Wallahi ofsaid ne!" Akasarin masu wannan rantsuwa inda ƙwallo ta iske ɗan wasa suke dubawa, alhali doka ta 11 ta hukumar IFAB tana duba inda yake ne a daidai lokacin da abokinsa ya bugo masa ita. Shi ya sa masu cewa "satar fage" suka fi kusa da gaskiya, domin haka Bahaushe ke faɗa ga wanda ya zabura kafin a ba da izini, a sukuwa ne ko a yaƙin neman zaɓe. Tsayuwa bayan 'yan baya ita kaɗai ba laifi ba ce, sai in mutum ya taɓa ƙwallon, ya tare wa gola gani, ko ya ci moriyar tsayuwar. Kuma babu satar gida a jifa, da bugun kusurwa, da bugun gola.

Wasu na cewa dokar kashe armashin wasa take yi, suna kafa hujja da ƙwallaye uku da aka soke wa Ajantina a karawarta da Saudiyya a Qatar a 2022. Ƙorafin yana da tushe, amma maganinsa sassauci ne, kuma an sha yin sa. A 1925 aka rage abokan hamayyar da dole su kasance gaban ɗan wasa daga uku zuwa biyu, sai ƙwallayen babban rukunin Ingila suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703 a kaka guda. A 1990 kuma aka ce wanda ke daidai da ɗan baya bai yi sata ba. Mai son a soke dokar ɗungurungum ya leƙa filin unguwa inda babu mai tuta: ɗan gaba ya kafa sansani a gindin gola, 'yan baya su koma gadinsa, tsakiya ta mutu, wasa ya koma ɗauki-ka-cilla. Abin zargi shi ne awon yatsar ƙafa da na'urar VAR ke yi, ba dokar kanta ba. Masu horar da yaran unguwanni su koya musu kallon ƙafar mai bayarwa kafin su zabura.