Mutum Ɗaya ke Sha, Gida Guda ke Jinya

A shekarar 1935, a wani gida da ke unguwar Brooklyn ta birnin New York, wata mata mai suna Lois Wilson ta wurga wa mijinta takalmi. Ba a buge yake ba. Hasali ma Bill Wilson ya yi watanni rabonsa da kwalba, laifinsa kawai ya tambaye ta ko ta shirya su tafi taron da ya saba zuwa. Tun aurensu a 1918 take fama da shi: ya yi rantsuwa ya karya, ya rubuta alkawarin tuba a cikin Littafi Mai Tsarki na gidan ya sake komawa ruwa, ita kuwa tana aikin kanti tana ciyar da su. Da ya warke a hannun wasu mashaya 'yan uwansa, sai ta tarar zuciyarta cike da haushi maimakon murna. A nan ta gane cewa giyar da mijinta ya sha ta yi mata nata lahanin.

Bill shi ne wanda ya haɗu da likita Bob Smith a garin Akron na jihar Ohio suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a wannan shekarar. Mazan kan shiga ɗaki su tattauna, matan kuma su zauna a kicin ko cikin mota suna jira. Daga hirar jiran nan aka gano cewa labarinsu kusan iri ɗaya ne. A 1951 Lois da ƙawarta Anne B. suka aika wasiƙu ga mutane da ƙananan rukunoni 87 na iyalan mashaya, suna neman a haɗa kai. Haka aka haifi Al-Anon, ƙungiyar da ba ta mashayi ba ce, ta matarsa ce, ko mijinta idan mace ce, da iyaye da abokai. A 1957 aka buɗe reshen matasa mai suna Alateen. Yau ana zamanta a ƙasashe fiye da 100, ba kuɗin rajista, ba a faɗin cikakken suna, kuma abin da aka ji a ɗakin a ɗakin ake barinsa.

Yawan masu buƙatar irin wannan zama ba kaɗan ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma kimanin mutum miliyan 400 ke fama da matsalar shanta. Lissafin bai ƙirga matar da ke kasa kunne ta ji yadda aka turo ƙofa don ta san wane irin dare za a yi ba. Bai ƙirga yaron da ya daina kawo abokai gida ba, ko 'yar shekara 12 da ta zama uwar ƙannenta.

Abu uku ake fara koya wa sabon zuwa a Al-Anon: ba shi ya jawo shan ba, ba shi da ikon sarrafa shi, kuma ba shi zai warkar da shi ba. Da jin farko kamar sallamawa ce. Amma duk wanda ya zauna da mashayi ya san yawan ƙarfin da ake ɓarnatarwa wajen zubar da kwalabe, da binciken aljihu, da shinshinar baki, da biyan bashin da aka ciwo. Mai sha yakan ce faɗan uwargida ne ya kore shi waje, ita kuma ta yarda, ta ƙara lallashi. Idan ya kasa tashi da safe, ta buga waya wurin aikinsa ta ce zazzaɓi ne. Ƙauna ce ke sa ta, ba shakka, sai dai duk ɓarnar da aka share masa kafin ya farka ta zama ɓarnar da bai gani ba, kuma wanda bai ga ɓarna ba ba ya neman gyara.

Sai dai Al-Anon tana da iyaka, kuma gaskiya ce a faɗe ta. An gina ta ne don lafiyar iyali, ba don jawo mashayi asibiti ba. Masu bincike a Jami'ar New Mexico, William Miller da Robert Meyers da abokin aikinsu, sun gwada wannan a wani nazari da suka wallafa a 1999. Sun ɗauki mutum 130 da ke da ɗan uwa mashayi mai ƙin magani, suka raba su gida uku. Cikin waɗanda aka bi da su ta tafarkin Al-Anon, kashi 13 cikin ɗari ne mashayinsu ya shiga magani. Waɗanda aka shirya su yi masa taron dangi su tsare shi da magana sun samu kashi 30, da yawansu ma sun janye kafin ranar taron. Hanya ta uku, mai suna CRAFT, ta kai kashi 64. Abin lura shi ne a duka rukunonin uku damuwa da fushin iyalan sun ragu.

Me CRAFT ke koyarwa? Abubuwa ne ƙanana da ake maimaitawa har su zauna. Ba a yi wa wanda ke buge wa'azi, don gobe ba zai tuna ba. A janye jiki ba tare da zagi ba. Ranar da ya dawo garau, a nuna masa an lura, a zauna da shi, a ci abinci tare. A bar shi ya fuskanci sakamakon abin da ya yi matuƙar ba rai ne ke cikin haɗari ba. A riga a san asibitin da za a je da sunan sashen, domin ranar da ya ce ya gaji, ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Gori da tonon silili kuwa, duk daɗinsu a bakin wanda aka ƙuntata wa, ba su cikin tsarin.

A ƙasar Hausa nauyin ya ninka. Addini ya haramta giya, jihohi irin su Kano da Zamfara sun hana ta a dokance, Hisba na farfasa kwalabe a bainar jama'a, don haka mai sha yana sha ne a ɓoye, iyalinsa kuma suna jinya a ɓoye. Mace ta kai ƙara gida a ce mata ta yi haƙuri, kowa da irin tasa jarrabawar. Uwa ta ji tsoron kada maganar ta fita ta hana 'ya'yanta mata samun miji. Idan tura ta kai bango, sai a ɗaure mutum a kai shi gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani irin gidan a Rigasa da ke Kaduna, wasu da sasari a ƙafa da tabon duka, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu da niyyar gyara.

Akwai haɗarin da iyalai da dama ba su sani ba. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, idan aka yanke masa ita farat ɗaya, yana iya shiga rawar jiki da zufa da jijjiga, bayan kwana biyu zuwa uku kuma ya rikice ya fara gane-gane. Gida sai a ce iska ce ta shige shi, alhali ciwo ne da ke iya kisa, kuma likita na da maganin da zai sassauta shi. Kulle irin wannan mutum a ɗaki ganganci ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, suna karɓar masu fama da shaye-shaye, haka ma asibitin Dawanau a Kano, kuma ɗan uwa na iya zuwa neman shawara tun kafin mai shan ya amince.

Inda duka ya shigo, lissafi ya canja. Masu koyar da CRAFT kan fara da tambayar ko mai shan ya taɓa ɗaga hannu, kafin a gwada komai. Idan ya taɓa, abin da ake fara shiryawa shi ne gidan da mace da yara za su kwana, da wanda za a kira cikin dare, da 'yan kuɗin mota a wurin da shi bai sani ba.