Ƙwallon Kwando Ya Shiga Ajin Lissafi

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk magidancin da ke da yaro a sakandare, ko a Agege yake zaune ko a Sabo ta Ibadan, ya san irin kukan da yara ke yi da lissafi. Abin kuwa ba na wasa ba ne, domin idan yaro bai sami kiredit a lissafi ba a jarrabawar WAEC, to ƙofar yawancin kwasa-kwasan jami'a ta rufe masa, kuɗin makarantar da uba ya sha rana ya tara kuma su tashi a banza.

Ɗaya daga cikin wuraren da yara suka fi yin tuntuɓe shi ne reshen aljabara da ake kira kwadiratik, watau lissafin da a cikinsa ake ninka adadin da ake nema da kansa. Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga Musulmi. Shaihin malami Alkhawarizmi ya yi bayaninsa a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara. Amma abin da ke ɗaure wa yara kai shi ne, yaya tambaya ɗaya za ta zo da amsa biyu? Akasarinsu haddacewa kawai suke yi, ranar jarrabawa hadda ta gudu.

To, shi ya sa waɗansu malamai kan ajiye alli su fita da yara filin ƙwallon kwando. Tun shekarar 1638 masanin nan na Italiya, Galileo, ya nuna cewa duk abin da aka jefa sama yakan bi hanya mai lanƙwasa kamar baka kafin ya sauko. Wannan lanƙwasa kuwa ita ce ainihin zanen lissafin kwadiratik.

Ga yadda abin yake. Bakin kwando yana da tsayin ƙafa 10 daga ƙasa, watau mita 3 da 'yan kai. A ce mita 3. Yaro ya tsaya a layin jifa, kimanin mita 4 daga kwando, ya saki ƙwallo daga tsayin mita 2, yana tashi sama da saurin mita 6 a sakan. Idan harafin t ya tsaya a madadin lokaci, tsayin ƙwallon a kowane lokaci shi ne 2 + 6t – 5t². Lambar 5 ɗin nan rabin ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi ne, kuma haka take a Ikko, haka take a Kano.

Sai malam ya ce, yaushe ƙwallon zai kai mita 3? Idan aka warware, amsa biyu za ta fito: sakan 0.2, da kuma sakan 1. A nan ne yaro kan tsaya yana zare ido a aji. A fili kuwa da idonsa zai gani. Ƙwallon yakan kai tsayin kwando sau biyu, da farko yana hawa, sa'an nan yana saukowa. A sakan 0.2 ko mita ɗaya bai matsa gaba daga wurin mai jifa ba, balle ya shiga raga. Zai ci gaba da hawa har mita 3.8 a sakan 0.6, daga nan ya juyo. Amsa ta biyu ita ce ta ci. Duka biyun daidai ne a lissafi, amma ɗaya ce ke kawo maki.

Gaskiya wannan dabara ta fi bulala amfani, ko da yake ba za ta ɗauke wa yaro zaman bita da takarda da biro ba. Kuma ba lallai sai makaranta mai fili ba, bokiti a kan katanga da ƙwallon roba ma sun isa a ga lanƙwasar.

Akwai kuma tambayar da kan zo babu amsa ko ɗaya, wadda yara kan ɗauka kuskuren mai buga takarda ne. Malam sai ya kira ƙaramin ɗan aji ya yi jifa mai rauni, a ce mita 4 a sakan. A takarda, lissafin zai buƙaci tushen lambar da ke ƙasa da sifiri, abin da ba ya yiwuwa a wannan mataki na karatu. A fili kuwa, ƙwallon zai tsaya a mita 2.8 ya faɗo ƙasa, ko bakin kwandon bai taɓa ba.