Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Muke Faɗa Game da Wincin Hannu

A garejin makanikai, a wurin masu walda, a bakin rijiya da wajen aikin burtsatse, da wuya a rasa wincin hannu ko ɗaya daga cikin danginsa: cen bulok mai aiki da sarƙa, ko Tirfor mai jan igiyar waya. Ba su buƙatar wuta, ba su shan fetur, shi ya sa suka karɓu a wurinmu. Sai dai mafi yawanmu a hannun maigida muka koyi aiki da su. Sau da yawa kuma kayan gwanjo ne muke saya a irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Katako a Yamai, babu kwali balle takardar bayani. A irin wannan hali, abin da aka gani ya yi aiki jiya shi ke zama doka gobe. Bari mu ɗauki maganganun da suka fi yawo a tsakaninmu, mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Winci winci ne: wanda ya ja kaya zai iya ɗaga shi

Ba haka ba ne, kuma wannan shi ne kuskure mafi haɗari. Wincin ja, irin wanda ake jawo mota ko kwalekwale da shi kan tirela, ba shi da birki. Abin da ke riƙe kaya shi ne wani ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran giya, wanda muke jin ƙas-ƙas ɗinsa idan ana juyawa. Matsalar tana wajen saukewa. Dole a ɗage wannan harshe kafin igiya ta warware, kuma daga wannan lokaci nauyin gaba ɗaya yana hannun mai juyawa. Idan mariƙin ya suɓuce, kaya zai faɗo, mariƙin kuma ya riƙa juyawa da gudun da zai iya karya tsintsiyar hannu ko muƙamuƙi.

Wincin ɗagawa yana da birki mai kama kansa. Irin da ya fi yawa shi ne wanda ake dangantawa da Thomas Weston, injiniyan ƙarni na 19, kuma shi ne a cikin yawancin cen bulok. Nauyin kayan da kansa ne ke matse faifan birkin. Gwargwadon nauyi, gwargwadon matsewa. Ba ya sauka sai an juya baya da gangan, da an tsaya kuma ya tsaya. Dalilin yaɗuwar kuskuren a bayyane yake: a ido wincin biyu sun yi kama, na ja ya fi araha, kuma yana iya ɗaga kaya sama lafiya lau. Aibinsa ba ya fitowa sai ranar da hannu ya yi gumi.

Lambar da ke jikinsa ita ce yawan kilon da zai ɗauka

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, winci da yawa an ƙera su ne don kasuwar Amurka, inda ake awo da laba. Idan muka ga LBS a bayan lamba, laba ce, kuma laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba. Wanda aka rubuta wa 1200 LBS kilo 544 ne, mai 2000 LBS kuma kilo 907. Mai saye ya ga 1200 ya ɗauka ya samu mai tan ɗaya da ɗoriya, alhali rabin tan ya saya. Mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba.

Na biyu, lambar da ake talla da ita galibi ta naɗin farko ce, wato lokacin da igiya ke kwance kai tsaye a kan gangar winci. Duk sa'ad da igiya ta hau kan igiya, gangar tana ƙara kauri, ƙarfin ja kuma yana raguwa. Mu ɗauki ganga mai faɗin milimita 50 da igiya mai kaurin milimita 5. A naɗin farko igiyar tana zagaya faɗin milimita 55, a naɗi na huɗu kuwa kusan 85. Ke nan ƙarfin ya dawo wajen kashi 65 cikin 100. Shi ya sa kamfanonin kirki ke rubuta lamba biyu, ta naɗin farko da ta cikakkiyar ganga. Ta biyun ce ya kamata mu yi lissafi da ita. Haka kuma ba a warware igiya ƙarƙaf. A bar aƙalla zagaye uku a kan ganga, ko fiye idan kamfanin ya ce haka, domin waɗannan zagayen ne ke riƙe nauyi, 'yar ƙusar da ta maƙale bakin igiyar ba za ta iya ba.

Ai kamfani ya bar rara, ƙarin kaya kaɗan ba komai

Gaskiya ne akwai rara. Igiyar waya ta ɗaga kaya akan zaɓe ta yadda ƙarfin tsinkewarta zai ninka nauyin aikinta kamar sau 5, sarƙa kuma kamar sau 4. Nauyin aikin shi ne ake rubutawa da WLL ko SWL. Amma wannan rara tana da masu ita: fizgar kaya idan ya maƙale ya saki farat ɗaya, tsatsa, cinyewar ƙarfe, da kuskuren ƙiyasin nauyi. Kayan da ya zame ya faɗo ko da taƙi ɗaya ne kafin igiya ta tare shi yana iya ɗora mata ninkin nauyinsa. Maganar ta samu gindin zama ne saboda wanda ya wuce ƙa'ida yakan tsira sau da yawa. Abin da ba ya gani shi ne ƙarfen yana gajiya a ɓoye. Mafita ita ce mu san nauyin kayan kafin mu taɓa shi: buhun siminti kilo 50, litar ruwa kilo ɗaya, saboda haka tanki mai lita 1,000 idan ya cika ya wuce tan ɗaya. Janareta da inji kuma galibi akwai nauyinsu a farantin da ke jikinsu.

Idan mariƙi ya yi tauri, a zura masa bututu ko a kira mutum na biyu

An auna tsawon mariƙin ne yadda mutum ɗaya zai iya ɗaga iyakar nauyin da na'urar ke ɗauka. Idan ƙato guda ya kasa juyawa, wincin yana gaya mana cewa kaya ya fi ƙarfinsa, ko wani abu ya maƙale. Ninka tsawon mariƙi da bututu yana ninka ƙarfin da ke shiga giya, amma haƙoran giyar da igiyar suna nan yadda suke. Muna yin haka ne saboda mun saba zura bututu a sifana don kwance noti, sai muka ɗauka dabara ɗaya ce. A jikin Tirfor akwai wasu ƙananan fil da aka yi su musamman don su karye idan nauyi ya wuce kima, na'urar kuma ta ci gaba da riƙe kayan. Wanda ya maye gurbinsu da ƙusa ko noti mai tauri ya cire abin da ke kare shi.

In za a jawo mota, nauyinta kawai ake dubawa

Nauyi ɗaya ne daga cikin abubuwa uku. Sauran su ne gangare da irin ƙasar. Mota mai tan biyu a kan kwalta shimfiɗaɗɗiya, tayoyinta na juyawa, mutum biyu ma suna tura ta. A hawa mai digiri 10, winci zai ja kusan kashi 17 cikin 100 na nauyinta, ban da turjiyar taya. A digiri 30, rabin nauyin. Idan kuwa ta kafe a taɓon damina ko yashin rafi, lissafi ya canja sarai: masu aikin ceto motoci suna ƙiyasta cewa wadda ta nutse zuwa tayoyi tana buƙatar ƙarfi daidai da nauyinta, wadda ta nutse fiye da haka kuma ninki biyu ko uku. Shi ya sa ake ba da shawarar winci mai ƙarfin da ya kai nauyin motar da kayanta sau ɗaya da rabi. Haƙe gaban tayoyi da sauke kaya kafin a fara ja yana rage aikin ƙwarai. Kada kuma kowa ya tsaya kusa da igiyar da ta miƙe, domin idan ta tsinke bulala take yi.

In dai winci mai ƙarfi ne, ko'ina aka rataye shi ya yi

Mun sha ganin cen bulok a reshen darbejiya ko a ƙarfen rufin rumfa. Ƙarfin aikin gaba ɗaya bai wuce ƙarfin abu mafi rauni a cikinsa ba, ko reshe ne, ko noti, ko igiyar da aka ɗaure inji da ita. Akwai kuma lissafin da ke ɓace mana. Idan winci yana ƙasa, igiya ta hau ta bi ta kan fuli a sama ta sauko kan kaya mai kilo 500, ƙarfen da fulin ke rataye a jikinsa yana ɗauke da kusan kilo 1,000, saboda igiya biyu ke jansa. Haka idan aka ɗaure kaya da igiya mai ƙafa biyu aka ware su har kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ƙafa tana ɗauke da cikakken nauyin kayan. Muna mantawa da wannan ne saboda hankalinmu yana kan abin da muka biya kuɗi muka saya, reshe kuwa kyauta ne.

Sarƙa ko ƙugiya in ta lalace, mai walda zai gyara

Sarƙar ɗaga kaya, irin wadda ake buga wa 8 ko 80, ƙarfe ne na musamman da aka gasa aka sanyaya bisa ƙa'ida. Wutar walda tana ɓata wannan gashi, wurin da aka liƙa ya zama shi ne mafi rauni duk da kyan da ya yi a ido. Ƙugiya ma an ƙera ta yadda za ta buɗe baki a hankali idan an yi mata lodi fiye da kima. Buɗewar gargaɗi ce, mayar da ita da guduma ɓoye gargaɗin ne. Igiyar waya da ta lanƙwashe, ta kumbura, ko silinta suka fara tsinkewa, canji take so. Ba a ƙulla ta kamar igiyar rama. Idan za a matse bakinta da kilif, faffaɗan gindin kilif ɗin ya zauna a kan dogon ɓangaren da ke ɗauke da nauyi, lanƙwasasshen ƙarfen kuma a kan guntun bakin. A Birtaniya, dokar LOLER ta 1998 ta wajabta cikakken binciken sarƙoƙi da ƙugiyoyi duk wata 6, na'urar ɗagawa kuma duk wata 12. Mu ma za mu iya ɗora wa kanmu irin wannan tsari.

Mai ba ya ɓata ƙarfe, a zuba ko'ina

Giya, sarƙa da igiyar waya suna son mai. Faifan birki ba ya so, domin da gogayya yake riƙe kaya. Baƙin man da muke malalawa a kai da niyyar alheri yana iya sa kaya ya riƙa silalowa. A goge ƙurar hunturu da yashi, a shafa mai inda ya dace, a bar birki a bushe.

Wanda ya ɗaga inji ai zai iya sauke mutum rijiya

Ta fuskar kilo, mutum bai kai inji ba, shi ya sa maganar ke shiga kunne. Amma na'urar ɗaukar mutane tana da wata ƙa'ida daban: rara mai yawa, galibi ninki 10 a igiya, da hanyar tsira ta biyu idan ta farko ta gaza. Wincin kaya ba shi da wannan, kuma masu ƙera shi sukan hana ɗaukar mutum da shi. Inda aiki ya tilasta shiga rijiya, a nemi na'urar da aka yi don haka, mai shiga kuma ya kasance da igiyar tsira ta daban a ɗaure a wani wuri daban.

Kafin mu miƙa kuɗi, mu tambayi kanmu abu biyar: ɗagawa za mu yi ko ja? Kilo nawa ne kayan? Lambar da ke jiki kilo ce ko laba, kuma ta wane naɗi ce? Akwai birki mai kama kansa? Ina za mu kafa shi? Wincin da ba shi da farantin da ke nuna sunan kamfani da nauyin aiki, mu bar shi a shago komai arhansa. Iyayen gida kuma su koya wa yaransu tun ranar farko cewa ba a shiga ƙarƙashin kayan da ke rataye, sai an sauke shi a kan abin da zai tokare shi.