Gwargwadon Iskar Sabuwar Taya

Duk wanda Allah ya hore wa mota mai gudu, ya sauya mata tayoyi wurin masu faci na Gyadi-Gyadi ko Tarauni, wajibi ne ya sani cewa adadin da ke jikin taya haddi ne da ba a ƙetarewa, hukuncin da ake bi kuwa yana liƙe a bakin ƙofar direba, inda galibi na gaba yakan saɓa da na baya. Lokacin awo bayan sallar Asuba ne, domin kwaltar titin Zariya a watan Afrilu tana kumbura iska, har ma'auni ya yi shaidar zur. Saboda haka, malam, kada ka sace iskar taya mai zafi.