Namiji Ne Ko Mace? Shawarar da Mai Ɗan Zomo Zai Yanke Kafin Wata Uku

Wanda ya sayi 'yan zomaye biyu don yara su riƙa wasa da su a gida yakan dawo da tabbacin mai sayarwa cewa duka mata ne, ko duka maza. Sau da yawa mai sayarwar bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa. Ɗan zomo mai sati 4 ko 5 yana iya ruɗa har wanda ya daɗe yana kiwo, domin a wannan lokaci al'aurar namiji da ta mace sun yi kama ƙwarai, kuma 'ya'yan marainan namijin ba su sauko ba tukuna. Da jikin zomo yana jiran mai shi ya gane, da wannan ruɗu bai dami kowa ba. Amma ƙananan nau'o'i suna balaga tun suna wata 3 da rabi zuwa 4, matsakaita tsakanin wata 4 da 6, manya kuma sukan kai wata 6 zuwa 9. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, kafin ɗan zomo ya cika wata 3 dole a san jinsinsa, a raba maza da mata, a kuma yanke shawarar ko za a yi masa aikin hana haihuwa. Wanda ya wuce wannan lokaci yana jira, zomayen ne za su yanke masa shawarar.

Dalilin gaggawar yana cikin yadda aka halicci zomanya. Ba ta da wani lokaci na musamman da take neman namiji kamar akuya ko saniya. Barbarar ce da kanta take sa ta saki ƙwai, bayan kimanin awa 10, don haka haɗuwa guda ta 'yan daƙiƙoƙi takan isa. Cikinta kwana 31 ne a mafi yawan lokuta, tana haifar 'ya'ya 4 zuwa 12, kuma tana iya sake ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu idan namijin yana tare da ita. Zomo kuma bai san wa da ƙanwa ba, bai san uwa da ɗa ba. Zomanyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama ƙosawa ba takan wahala, takan yi watsi da 'ya'yan, kuma mai gidan da ya yi tanadin keji ɗaya sai ya wayi gari yana neman huɗu.

Duba jinsin ba shi da wuya idan an yi a natse, amma riƙon ya fi duban muhimmanci. Kada a ɗaga zomo ta kunnuwa, ko da kuwa haka aka saba gani a kasuwa. Ƙasusuwansa ba su da nauyi idan aka gwada da ƙarfin ƙafafunsa na baya, kuma zomon da ya firgita ya yi harbi a iska yana iya karya ƙashin bayansa da kansa. Mutum ya zauna a ƙasa, ya shimfiɗa zane a cinya, ya tallafi ƙirjin zomon da hannu ɗaya, ɗuwawunsa na kan cinyar, bayansa jingine da cikin mai riƙon. Idan akwai mataimaki ya fi. Kada a daɗe ana kwantar da shi rigingine: shirun da yake yi a wannan hali na tsoro ne, ko da yake mutane sukan ɗauka daɗi yake ji. A ƙarƙashin wutsiya akwai ƙofofi biyu kusa da juna. Wadda ta fi kusa da wutsiya ita ce dubura, ta gabanta, wajen ciki, ita ce ake dubawa. A sa babban yatsa da manuniya a gefenta, a danna a hankali. A namiji wani ɗan bututu zai fito, mai zagayayyen baki a tsakiya, kuma ya rabu da dubura sarai. A mace abin da zai fito tsaga ce mai tsawo, gabanta ya ɗan ɗago, bayanta ya gangara har kusa da dubura.

Akwai abubuwa da ke yaudarar ido, kuma sanin su ya fi haddace siffar. Al'aurar 'yar zomanya ma tana turowa waje idan an danna, shi ya sa masu koyo sukan ce namiji ne da zarar sun ga wani abu ya fito. Bakin ƙofar ake kallo, zagaye ne ko tsaga. A gefe da gefen al'aura akwai wasu 'yan aljihuna marasa gashi masu tara wani abu mai kauri da wari, kuma maza da mata duka suna da su. 'Ya'yan maraina sukan sauko tsakanin sati 10 zuwa 12, wasu su ɗan makara. Dogaye ne, kusan babu gashi a kansu, kuma suna gefe da ɗan gaban azzakari, saɓanin yadda aka saba gani a rago ko bunsuru. Ga wani abin mamaki: hanyar da suke saukowa ta cikinta ba ta rufewa a zomo har tsufansa, don haka idan ya tsorata yana iya janye su zuwa cikin ciki. Rashin ganin su bai tabbatar da mace ba. Tattarar fatar da ke ƙarƙashin haɓar manyan zomanyoyi ma ba hujja ba ce ga ƙarami, domin sai an girma take fitowa, kuma namiji mai ƙiba yana iya yin ta. Saboda haka duba ɗaya ba ya isa. A duba a sati 6, a sake a sati 8, a tabbatar a sati 10, sannan a raba. Idan ana shakka a kan wani, a ba shi kejinsa shi kaɗai har lamarin ya bayyana.

Rabawa tana hana ciki, amma ba ta warware komai da komai, kuma a nan maganar tiyata take shigowa. Namijin da ya balaga yakan fara fesa fitsari a bango da jikin mutane, ya riƙa hawan duk abin da ya samu. Maza biyu da suka tashi tare lafiya sukan koma faɗa mai tsanani, har su yayyage wa juna maraina. Mace kuma takan zama mai tsare kejinta, ta yi gurnani, ta kai cizo ga hannun da ke kawo mata abinci, wani lokaci ta yi cikin ƙarya na kwana 16 zuwa 18, tana tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗa wa 'ya'yan da babu su. Zomo kuwa dabba ce mai son zama da ɗan'uwa, kaɗaici yana cutar da shi. Zaman da ya fi ɗorewa shi ne na namiji da mace da aka yi wa dukansu aiki.

Hujja mafi nauyi tana wajen mace, kuma ita ce mutane suka fi jahilta. Sankarar mahaifa ita ce ciwon dajin da aka fi samu a zomanya. Binciken da aka yi a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20 a kan zomayen ɗakin gwaji ya nuna cewa a wasu nau'o'i, cikin matan da suka haura shekara 5, waɗanda ciwon ya kama sun kusa kashi 80 cikin 100. Ba kowane nau'i ne ke kai wannan adadi ba, kuma bai kamata a riƙa jefa shi a kan kowace zomanya ba, amma abin da ba a jayayya a kai shi ne haɗarin yana hawa da shekaru. Ciwon yana tafiya a ɓoye. Alamarsa ta farko takan zama jini a ƙarshen fitsari, kuma kafin a farga yana iya yaɗuwa zuwa huhu. Fitsarin zomo yakan yi ja saboda launin wasu ganyaye ba tare da wani ciwo ba, abin da ke sa masu shi su raina alamar a ranar da ta zama ta gaske. Ana yawan cewa a bar ta ta haihu sau ɗaya, hakan zai kare ta. Wancan binciken bai goyi bayan wannan ba: ciwon ya kama waɗanda suka haihu da waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Zomon gida da ake kula da shi yana iya rayuwa shekara 8 zuwa 12, wato zomanyar da ba a yi wa aiki ba za ta yi rabin rayuwarta a cikin shekarun haɗari.

Game da lokaci, ana iya yi wa namiji fiɗiya da zarar 'ya'yan marainansa sun sauko, ko da yake likitoci da yawa sun fi son ya kai wata 4 ya ɗan yi jiki. Mace kuma ana cire mata mahaifa tsakanin wata 4 da 6, manyan nau'o'i a ɗan ƙara. Kafin nan mahaifarta siririya ce ƙwarai, tana da wuyar kamawa. Idan kuma aka bari ta shekara biyu ko uku, kitse yakan lulluɓe mahaifar da jijiyoyin jininta, aikin ya ƙara tsawo da haɗari. Abin da ke kama mutane da yawa shi ne namijin da aka fiɗiye yana iya yi wa mace ciki har sati 4 zuwa 6 bayan aikin, saboda sauran maniyyin da ke cikin hanya. Wanda ya mayar da shi wurin mace washegari ya biya kuɗin tiyata, ga kuma 'ya'ya a hanya.

Mai ƙin tiyatar zai ce zomo ba ya jure maganin barci, kuma maganarsa tana da tushe. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin dabbobi na Birtaniya, aka buga a 2008, ya samu cewa cikin zomayen da aka sa wa maganin barci kashi 1.39 cikin 100 sun mutu, a yayin da na karnuka bai wuce 0.17 ba. Idan aka ware masu lafiya kaɗai, adadin zomayen ya sauko zuwa 0.73, wato kusan ɗaya cikin 137. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda nasa ne ɗayan. Amma idan aka ɗora shi a ma'auni da haɗarin sankara, ga mace rinjayen a bayyane yake. Ga namijin da ke zaune shi kaɗai, ba ya fesa fitsari, ba ya cizo, hujjar lafiya ba ta kai haka ƙarfi ba, kuma ba na ganin laifin mai shi idan ya bar shi yadda yake.

Sai dai waɗancan alƙaluma na asibitoci ne masu kayan aiki, kuma wannan ya sa zaɓen likita ya fi ranar aikin muhimmanci a ƙasar Hausa. Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da zomo ba, domin yawancin aikinsu a kan shanu da tumaki da kaji yake. Asibitocin koyarwa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wurare ne da ya dace a fara tambaya. Akwai tambaya ɗaya da ke saurin nuna wanda ya san zomo: shin a hana shi abinci kafin aiki? Amsar ita ce a'a. Zomo ba ya amai, kuma idan hanjinsa ya tsaya da motsi saboda yunwa ko zafin ciwo, wannan kaɗai yana iya kashe shi. Don haka ne ma maganin rage zafi bayan aiki ya zama dole, kuma zomon da ya kai awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, a mayar da shi asibiti a ranar. Kada mai gida ya ba shi maganin ƙwayoyin cuta na mutane ta baki, musamman dangin fenisilin, domin suna kashe ƙwayoyin hanjin da narkar da abincinsa ya dogara da su. Yanayi ma abin lura ne. Zomo yana galabaita idan zafi ya haura digiri 30, don haka tsakiyar bazara ba lokacin aikin da ba na gaggawa ba ne, da damina kuma ƙuda yana iya yin ƙwai a kan rauni. Dandaƙa irin ta bunsuru, ko ɗaure maraina da roba, bai dace da zomo ba sam: azaba ce, zai iya janye su ciki, kuma saboda waccan hanya da ba ta rufewa, yankan da ba a ɗinke ta ba yana iya barin hanji ya zubo.

Wani zai kawo maganar addini, ya ce wannan canja halitta ne. Malamai sun daɗe da tattauna fiɗiyar dabbobi, kuma da yawansu, har da na mazhabar Malikiyya, sun halatta ta ga dabbar da ake ci idan akwai amfani a ciki. Taure da fiɗiyayyen sa ba baƙi ba ne a garken Bahaushe. Abin da aka yi hani da shi a fili shi ne azabtar da dabba, kuma wannan ya fi zama hujja a kan dandaƙa a tsakar gida fiye da aikin da aka yi da maganin barci. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba game da cire mahaifa, ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya kuma gaya masa batun sankarar, domin hukunci yana bin cikakken bayani.

Mai kiwon zomaye don nama ko sayarwa ba ya cikin masu buƙatar tiyatar nan. Waɗanda zai yanka ba sa kai shekarun ciwon, iyayen garke kuma haihuwarsu yake nema, kuma kuɗin aikin zai iya fin kuɗin zomon. Amma shi ma duban sati 6 zuwa 10 da raba keji sun hau kansa, in ba haka ba barbarar dangi za ta raunana masa garke. Haka nan wanda yake ƙauye ko garin da babu likitan da ya san zomo: gara ya bar su ba aiki, kowa a kejinsa, kusa yadda za su ga juna su ji ƙanshin juna, amma da tazara tsakanin wayoyin, domin zomaye suna iya barbara ta ragar waya guda. Idan zomanyarsa ta haura shekara 3, ya riƙa duba inda take fitsari, ya shafa nonuwanta ko akwai ƙullutu, ya kuma lura da nauyinta duk wata.